Labaran Musanya a Tsofaffin Mujallun 'Yan Mata na Birtaniya: Labari Ɗaya Ne ko Labarai da Yawa?

Uwargida daga Zariya: Assalamu alaikum. Ina neman taimakonku game da wani labari da na karanta ina yarinya, a cikin mujallun zane na 'yan mata da gwaggona ta dawo da su daga Ingila wajen ƙarshen shekarun 1970. Abin da nake iya tunawa shi ne 'yar masu kuɗi da 'yar aiki sun yi musanyar matsayi, har aka wayi gari 'yar gatan tana durƙushe tana goge matakalar gida, hannuwanta duk sun faffashe, ita kuwa 'yar aikin tana zaune gaban abinci ta rasa cokalin da za ta ɗauka. Sunan labarin ya ɓace mini, kuma ban taɓa ganin ƙarshensa ba.

Mai Tara Mujallu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba don in kashe miki gwiwa ba, amma ra'ayina shi ne wannan nema ba shi da amfani, domin labaran musanya na waɗannan mujallu duk labari ɗaya ne ake sauya masa riga. Tushensu littafin Mark Twain ne na 1881, wanda ɗan sarki da ɗan talaka suka yi musanyar tufafi, sai littafin Erich Kästner na 1949 a kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai. Mujallar Bunty kaɗai ta fito daga 1958 zuwa 2001, Judy daga 1960, Mandy daga 1967, kowace tana buƙatar labarai da dama duk mako. Wanda ke da irin wannan baki da zai ciyar, dole ya riƙa ɗumama tuwon jiya. Ki ɗauki kowane daga cikinsu ki karanta ƙarshensa, kin karanta ƙarshen naki.

Malamar Adabi: Malam, na yarda da kai a kan yawan maimaici, amma ban yarda cewa labari ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne mafari, wato yarinya ta tsinci kanta a gurbin wata, daga nan kuma hanyoyi suke rabuwa. Akwai wadda kuskure ne ya jefa ta, kamar a labarin Daisy Drudge and Milady Maud da ya fito a mujallar Jinty a tsakiyar shekarun 1970, inda aka ɗauki 'yar sarauta a matsayin 'yar aiki, aka ɗauki 'yar aikin a matsayinta, a zamanin Sarauniya Victoria. Akwai kuma wadda da ƙafarta ta shiga, saboda kwaɗayin abin duniya, kamar a Jackie's Two Lives na wannan mujallar, inda yarinyar da ke ƙyamar talaucin gidansu ta yarda ta zama madadin 'yar wata attajira da ta rasu. Na farko tambayarsa ita ce yadda za a gane mai gaskiya idan babu wanda ya yarda da maganarta. Na biyu kuwa tambayarsa ita ce abin da mutum zai biya idan ya sayar da sunansa. Duk wadda ta karanta su biyun tana da shekara goma sha ɗaya ba za ta ce tsoro iri ɗaya ta ji ba.

Mai Tara Mujallu: Malama, misalanki biyu duk daga Jinty suke, wato daga kamfanin IPC na Landan, wanda tun da ya fito da Tammy a 1971 ya yi suna wajen labarai masu ɗaci. Ni maganata ta fi karkata ga D.C. Thomson na Dundee, masu Bunty da Judy da Mandy. A wancan lokacin su ba sa ma rubuta sunan marubuci ko na mai zane a kan labari, kuma sukan sake buga tsohon labari bayan wasu shekaru, wani lokaci da sabon zane, domin sun san masu karatun farko sun girma sun tafi. Idan kamfanin da kansa ya ɗauki labaran a matsayin kayan da ake juyawa, me zai sa mu ɗauke su a matsayin ayyuka masu zaman kansu?

Malamar Adabi: Ai wannan hujjar tawa ce, Malam, ba taka ba. Rashin sanya suna shi ne ya sa binciken ya zama dole, domin ta hanyarsa ne masu sha'awa suka riƙa gano masu zanen da aka ɓoye, waɗanda da yawansu 'yan Sifaniya ne da ke aiki ta hannun wakilai a Barcelona. Ana gane su ne daga yadda kowa ke zana gashi ko ido ko naɗewar tufa. Da kowa ya ce duk ɗaya ne ya naɗe hannu, da aikin mutanen nan ya tafi a banza.

Ƙanwarku daga Maraɗi: Ina gaishe da manyana. Ni ban yi zamanin mujallun ba, na san su ne ta littattafan da kamfanin Rebellion ya fara sake bugawa bayan ya sayi tsofaffin ayyukan IPC a 2016, musamman na Misty, mujallar ban tsoro da ta fito daga 1978 zuwa 1980. Ina ganin Malam yana da gaskiya ta fuska ɗaya da ba a ambata ba, wato tunanin mutum yana haɗa labarai. Mai yiwuwa matakalar da Anti take tunawa daga wani labari take, teburin cin abincin kuma daga wani, shekaru suka ɗinke su. Idan haka ne, za a iya shekara ana neman abin da ba a taɓa bugawa a haka ba.

Malamar Adabi: Wannan gyara ne mai kyau, ƙanwata, kuma yana faruwa. Sai dai maganinsa shi ne a tsananta tambaya, a bar tambayar abin da ya faru a labarin a koma ga abin da ido ya gani. Hajiya, shin musanyar da yardarsu aka yi ko kuskure ne? Tufafinsu na zamanin da ne ko na makaranta? Kuma me ya hana ki ganin ƙarshen?

Uwargida daga Zariya: Tufafin na zamanin da ne, dogayen riguna da farar hular 'yan aiki. Ina kyautata zaton da yardarsu aka yi, domin ina tuna 'yar gatan tana dariya lokacin da take miƙa wa ɗayar takalmanta. Dalilin rashin ganin ƙarshen kuwa abin kunya ne. A bangon baya akwai hoton yarinya da rigunan takarda da ake yankewa a sanya mata, ni da 'yar gwaggona muka sa almakashi muka yanke, muka tafi da abin da ke bayan shafin.

Mai Tara Mujallu: To, Hajiya, yanzu kin faɗi abin da ake iya kamawa. 'Yar tsana ta takarda a bangon baya sananniyar alamar Bunty ce, kuma saboda irin almakashinku ne samun kwafi mai cikakken bango yake wahala a yau. Wannan ya raunana zaton cewa labarin Daisy Drudge na Jinty ne, tun da ma a can kuskure ne ya haɗa su, ke kuwa kin ce da yarda. Ban janye maganata ba cewa ƙarshen ba zai ba ki mamaki ba, amma ina da kwafin Bunty na wasu watanni daga 1976 zuwa 1979, zan duba.

Malamar Adabi: Kafin ka fara, Malam, a tabbatar da abu ɗaya, domin tarin gwaggo zai iya ƙunsar mujallu iri-iri, bangon da aka yanke kuma ba lalle ne na mujallar da labarin yake ciki ba. Hajiya, labarin shafi biyu ko uku yake zuwa a kowace fitowa, ko kuwa ɗan ƙaramin littafi ne mai labari ɗaya tun daga farko har ƙarshe, irin wanda Bunty da Judy suka riƙa fitarwa daban?

Uwargida daga Zariya: Kashi-kashi yake zuwa, domin ina tuna muna jera mujallun a kan tabarma bisa kwanan wata don mu bi shi. 'Yar gwaggon tawa tana Kaduna, kuma ita ce ta gaji akwatin mahaifiyarta. Zan kira ta da daddare in ji ko mujallun suna ciki.