Idan an riga an kulle saƙo, wane hari ne kuma ya rage?

Hauwa'u ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A darasin tsaron bayanai an ba mu hidimomin tsaro guda biyar da ke cikin ƙa'idar X.800, wadda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar a 1991: tantance mai magana, iyakance shiga, sirranta bayani, kare bayani daga sauyi, da hana mutum musanta abin da ya aika. Sannan aka raba mana hare-hare gida biyu, na laɓe da na kutse. Na haddace su, amma ban gamsu ba. A fahimtata, idan aka kulle saƙo da tsari mai ƙarfi irin AES, ta yadda babu mai iya karanta shi sai mai makulli, to magana ta ƙare. Wanda bai iya karanta saƙo ba, ta yaya zai cutar da ni da shi? Me ya sa ba za a ce sirrantawa ita ce tsaron, sauran kuma rassanta ne ba?

Malam Ɗanjuma ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Kuskuren yana cikin zaton cewa dole sai maharin ya fahimci saƙo kafin ya yi amfani da shi. Ki ɗauka kin aika wa banki umarnin biyan wani mutum kuɗi, kuma umarnin a kulle yake. Mutumin nan ya kwafi saƙon a hanya, bai buɗe shi ba, bai ma yi yunƙurin buɗewa ba, sai kawai ya sake tura shi sau uku. Idan bankin ba shi da hanyar gane cewa ya taɓa ganin wannan saƙon, zai buɗe shi, ya ga makulli daidai ne, ya biya sau uku. Wannan shi ne harin maimaitawa, kuma maganinsa lambar da ake amfani da ita sau ɗaya tak, ko hatimin lokaci. Shi ya sa Kerberos, wani tsarin tantance masu shiga na'urori, a bisa al'ada yake ƙin karɓar saƙon da agogonsa ya saɓa da fiye da minti 5.

Sauya saƙo ma yana yiwuwa ba tare da karanta shi ba. A wasu hanyoyin amfani da AES, idan aka juya ɗigon bayani ɗaya (wato 0 ya koma 1, ko 1 ya koma 0) a kullallen saƙo, ɗigon da ke daidai wannan gurbin ne yake juyawa bayan an buɗe. Wanda ya san inda adadin kuɗi yake zama a jikin saƙon zai iya taɓa wurin a makance, adadin ya canza. Don haka ake haɗa wa saƙo wata lambar shaida da ake lissafawa da makulli, wadda take rushewa da zarar an taɓa ko harafi ɗaya. Tsarin kare sadarwar intanet na TLS 1.3, wanda ya fito a 2018, bai yarda da duk wata hanyar kullewa da ba ta tafe da wannan shaidar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sojan gona. A 2011 an kutsa cikin DigiNotar, wani kamfanin ƙasar Holan mai bayar da takardun shaidar shafukan intanet, aka ƙirƙiri takardar bogi da sunan Google, aka yi amfani da ita a kan masu shiga intanet a Iran. Saƙonnin mutanen nan a kulle suke tsaf, sai dai da makullin ɓarawo aka kulle su. Sirri ba shi da amfani idan ba ki tabbatar da wanda kike gaya wa ba.

Injiniya Rabi ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan taɓo rabon hare-haren, domin ba don jarrabawa kawai aka yi shi ba. Mai laɓe ba ya canza komai, ba ya barin sawu, saboda haka da wuya a gano shi, kuma abin yi shi ne a hana shi samun abin ji tun farko. Mai kutse kuwa da wuya a hana shi ɗungurungum, amma tunda yana taɓa abu, ana iya gano shi a gyara ɓarnar. Ko a wajen mai laɓen ma kulle bai gama aiki ba, domin wanda ya ga wa ke magana da wa, a wane lokaci, sau nawa, da girman saƙon, ya san abu mai yawa ko bai karanta kalma ɗaya ba.

Akwai kuma samuwar hidima a lokacin da ake buƙatarta, wadda ba ta cikin biyar ɗin da kika lissafa, amma kowa a wannan fanni yana ƙirga ta. A ranar 21 ga Oktoba, 2016, tarin kyamarori da ƙananan na'urori da muguwar manhajar Mirai ta kame suka yi wa Dyn, kamfanin da ke kai masu nema ga adireshin shafukan intanet, ambaliyar buƙatu, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Ba a saci sirrin kowa ba. A harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila, kullewar ce ma ta zama makamin, domin maharan ne suka kulle fayilolin mutane suka riƙe makullin.

Hauwa'u ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya. Saura hana musu. Idan lambar shaidar ta nuna cewa saƙo bai sauya ba, kuma daga mai makulli ya fito, ashe ba ta wadatar a matsayin hujja ba?

Malam Ɗanjuma ya amsa:

Ta wadatar tsakaninku ku biyu, amma ba a gaban alƙali ba. Makullin lambar shaidar ku biyu ne kuke riƙe da shi, don haka idan kin ce shi ya rubuta, zai iya cewa ke kika ƙirƙira, kuma lissafi ba zai raba gardamar ba. Sai an koma ga sa hannu na dijital, irin wanda tsarin RSA na 1977 ya samar, inda makullin sa hannu yake wurin mutum ɗaya, makullin dubawa kuma yake a fili ga kowa. Ko a nan ina da ɗan ja, domin abin da sa hannun yake tabbatarwa shi ne an yi amfani da makullin wane, ba lallai shi da kansa ne ya yi ba. Idan ya ce an sace masa makulli kafin ranar, sai an nemo rajistar ayyukan na'ura, hatimin lokaci daga wani amintacce na uku, da kuma ranar da ya kai rahoton satar aka soke takardar shaidarsa.