Kunnen da Aka Kasa a Wayar Yarinya: Musayar Baitoci

Baba Mai Rediyo:

Assalamu alaikum. Jikana ne ya tambaye ni yadda aka yi jarida mai shekara 168 ta mutu cikin mako guda. Na rasa ta inda zan fara masa, sai na ɗauki biro. Zancen News of the World ne ta Landan, wadda ta fito fitowar ƙarshe ranar 10 ga Yulin 2011. Amsa-amon "ya" ne, mai amsawa ya biyo ni a kansa.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Masanin abin da ke ɓoye a zuciya.

Jarida ce ta Lahadi can a Landan,
Sunanta ma wai labaran duniya.

Tun 1843 take shiga kasuwa,
Kaka da jika sun san ta a Birtaniya.

Ba noma take bugawa ba, ba ilimi,
Sai wa ya bar matarsa, wa ya sha giya.

Ina take samun sirrin mutane haka?
Ashe kunne ta kasa a cikin waya.

Ka kira mutum bai ɗauka ba, ka bar saƙo,
Akwai akwatin da ke ajiye murya.

Lambar sirrinsa mai sauƙi ce tun daga kamfani,
Mai ita bai taɓa tunanin ya sauya.

Su buga lambar daga nesa su saurara,
Su kwashe abin da miji ya ce wa mata jiya.

A 2005 Yarima William ya ji ciwo a gwiwa,
Mutum kaɗan suka sani a gidan Sarauniya.

Sai ga shi a jarida, fada ta ce a bincika,
Wa ya ji, a bakin wa, ta wace hanya?

A 2007 aka ɗaure wakilinta Goodman da mai yi mata leƙen asiri Mulcaire,
Ɗaya wata 4, wata 6 ga ɗaya.

Kamfani ya ce ɓata-gari ne guda tak,
Sauran hannunsu fes. Ashe ƙarya.

Hajiya 'Yar Katsina:

Wa alaikumus salam. Baba, ka tsaya a fada, ni kuwa ba can zuciyata take ba. Bari in ɗora.

Baba, ka faɗi na yarima da gwiwa,
Ni abin da ya tsaya mini yarinya.

Milly Dowler, shekararta 13,
Ta taso daga makaranta lafiya.

Watan Maris na 2002 ne, a Surrey ta Ingila,
Ba ta iso gida ba, aka shiga cigiya.

Uwa na kira, dangi na kira, ƙawaye,
Kowa ya bar roƙonsa a cikin waya.

A kwanakin nan da gida ba a ɗora tukunya,
Wani na saurare, yana lissafin dukiya.

Wata 6 ana nema, sai gawa a daji,
Ko wannan bai sa su jin kunya.

Na haifi mata uku, na san daren da
Yaro bai shigo ba, ido biyu har safiya.

Shekara 9 kafin iyayen su san
An sa musu kunne suna tsakar wuya.

Ranar 4 ga Yuli jaridar Guardian ta fasa ƙwai,
Ingila ta tashi tsaye gaba ɗaya.

Sai ga lambobin dangin sojan da suka faɗi
A Iraƙi da Afghanistan, uwa da maraya.

Ga na dangin waɗanda bam ya kashe a Landan
A 2005, duk suna cikin ajiya.

Kamfanin mota Ford ya janye talla, wasu suka bi sahu,
Kwana 6, jarida ta faɗa rijiya.

Malam na Damagaram:

Hajiya, Allah ya raya miki zuriya. Ni da ƙwar huɗu zan shigo, kuma maganata ba mai daɗi ba ce.

Hajiya, kukanki kukan kowa ne,
Amma zancen nan baki biyu ne,
Ɓera da sata, na yarda haka ne,
Daddawar fa, wa zai yi mata tambaya?

Kowace Lahadi sai an buga ta,
Sama da miliyan 2 da rabi ke sayen ta,
A kan teburin karin kumallo a karanta ta,
Ba mai cewa ta ina aka samo kaya.

Da 'yan fim ne ake bin wayarsu,
Da 'yan ƙwallo da matan aurensu,
An ce ai sun shahara, ruwansu,
Aka biya kuɗi aka sha dariya.

Suratul Hujurati ta hana mu
Bin diddigin sirrin 'yan'uwanmu,
Ba ta ware sarki daga talakanmu,
Ko mai suna daga wanda ke can baya.

Mu ma in an naɗi muryar wani a ɓoye,
Ta faɗo WhatsApp, babu tambaye-tambaye,
Mu tura wa dangi, mu tura wa ƙawaye,
Kafin la'asar ta wuce Kano ta kai Zariya.

Ɗan Jaridar Kaduna:

Baba, Hajiya, Malam, ku yi mini afuwa. Ni ne ƙaraminku, amma sana'ata ce a kan faifai, ba zan iya yin shiru ba.

Malam, ka raba laifin da mai saye, na karɓa,
Amma don nono ya yi tsami ba a fasa ƙwarya.

Wa ya tono ramin? Ɗan jarida ne,
Nick Davies na Guardian, mai juriya.

Tun 2009 yake cewa ba mutum guda ba ne,
Aka yi masa kunnen uwar shegu, aka ce ƙiyayya.

'Yan sanda sun kwashe takardun Mulcaire tun 2006,
Shafi 11,000, aka ɗaure da igiya.

Dubban sunaye, mafi yawa ba a sanar da su ba,
Sai da alƙalami ya tsaya tsayin daka kan gaskiya.

Hajiya, da izininki, akwai gyara guda
Da ya bi labarin nan daga baya.

An fara cewa su ne suka goge saƙonni
Har uwa ta zaci 'yarta na nan a duniya.

Sai 'yan sanda suka ce wannan bai tabbata ba,
Mai yiwuwa na'ura ce ta share, ba da niyya.

Guardian ta fito fili ta gyara kurenta,
A sana'armu wannan shi ne tarbiyya.

Saurare kam sun saurara, babu musu,
Ban zo in wanke kowa daga wannan tsiya.

Amma mutum wajen 200 suka rasa abinci,
Da yawa ba su nan sa'ad da aka shuka ƙaya.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
Mai gyaran rubutu ne ya kwashi bulaliya.

Tsorona, a fusata a miƙa wa gwamnati linzami,
Ɓarawon baitulmali ya samu kariya.

Minista in ya ci kuɗin asibiti, zan bi shi har ɗaki,
Gidan makoki kuwa abin kai musu ta'aziyya.

Baba Mai Rediyo:

Ɗana, ka yi magana. Tunda ka ambaci gardi, bari in faɗa maka inda gardin ya kwana.

Ranar 19 ga Yuli Murdoch, mai jaridar, ya zauna gaban majalisa,
Kai a ƙasa, murya ta yi laushi kamar tunkiya.

Cinikin gidan talabijin na BSkyB da ya so ya haɗiye duka,
Tun 13 ga wata ya haƙura da wannan tafiya.

Shugaban 'yan sandan Landan ya ajiye hula,
Kashegari wani babba ya bi shi, hanya ɗaya.

Coulson, editanta da Cameron, firaministan lokacin, ya ɗauka kakaki,
A 2014 wata 18 aka ce ya biya.

Rebekah Brooks, shugabar kamfanin, kotu ta wanke ta sarai,
A 2015 ta koma kujerarta ta jiya.

Alƙali Leveson, mai binciken halin jaridu, ya saurari ɗaruruwan shaidu,
Nuwamban 2012 ya miƙa rahoto mai nauyin kaya.

Kashi na biyu, na tsakanin jarida da 'yan sanda,
A 2018 gwamnati ta ce a bar shi, ta juya.

An kashe maciji ba a sare kansa ba,
Fabrairun 2012 jaridar Sun ta Murdoch ta gaji Lahadi, magajiya.

Har Janairun 2025 ana ta jan zaren,
Kamfanin ya ba Yarima Harry haƙuri da diyya.

Malam na Damagaram:

Baba, lissafinka ya cika daidai,
Rumfa ta rufe, kasuwa na ci dai,
Masu sayen jiya su ne na yau dai,
Suka sauya suna, ba su sauya sha'awa ko ɗaya.

Hajiya 'Yar Katsina:

Ɗana, na karɓi gyaranka, Allah ya yi maka albarka. Ko maƙiyi ba na so in ɗora masa abin da bai yi ba.

Amma uwar Milly ta zauna gaban Leveson ta faɗa
Ranar da ta kira ta ji akwatin ya buɗe, ga murya.

Ta ƙwala wa mijinta kira, 'yarsu na raye,
Ni na san irin tsallen da ta yi a zuciya.

Da aka gaya mata wasu sun shiga wayar,
Dare 3 ta yi barci bai zo mata ba ko ɗaya.

Murdoch ya je ya same su ya ba su haƙuri,
Fam miliyan 2 aka ba su, aka ce an biya.

Shi ma ya cire miliyan 1 ya ba da sadaka,
Ɗakinta yana nan, babu mai dawo da yarinya.

Magariba ta yi, autata ba ta shigo ba,
Tun la'asar ta fita zuwa Islamiyya.

Ku ci gaba da baitocin, zan dawo in karanta,
Ni bari in tashi in ɗauko waya.