Bijimin da ke ɗingishi: a bar shi cikin shanu ko a cire shi?

Mai Garke:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ku masana. Bijimi ne ɗan shekara 4, yana ɗingisa ƙafar baya, amma yana cin abincinsa, yana kuma bin shanun da ke neman barbara. Ciwon ƙafa na iya taɓa haihuwarsa, ko da zarar ƙafar ta warke shi ke nan?

Likitan Shanu:
Wa alaikumus salam. Malam, cire shi yau. Bin saniya daban, hawa daban. In bijimi zai hau, nauyinsa duka kan ƙafafun baya yake komawa, to wanda ƙafa ke yi wa zogi sai ya yi ta sansana yana ɗora haɓa, ko ya hau ya sauko bai zuba komai ba. Kai kana ganin ana aiki, sai bayan kwana 21 shanun su sake neman namiji.

Babbar ɓarnar kuwa a maraina take. Dole su fi jiki sanyi da digiri 2 zuwa 6, shi ya sa suke reto a waje. Mai ciwon ƙafa yawan kwanciya yake yi, ya danne su, su ɗumame, in da zazzaɓi abin ya ƙaru. Zogin kansa yana rage sinadarin da ke motsa sha'awa da ƙera maniyyi. Ƙwayar maniyyi kuma tana cin kimanin kwana 61 kafin ta kammala, ta ƙara kwana 10 ko fiye tana nuna a bututun da ke jikin maraina. Ƙafa na iya warkewa cikin mako guda, maniyyi bai dawo daidai ba sai bayan wata 2. Kafin ka mai da shi garke, a auna maniyyin: aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin su kasance masu siffa daidai.

Mai Gyaran Kofato:
Likita ya gama magana kan haihuwa, saura ƙafar. Kada a yi allura ba a ɗaga ta ba. Yawancin ɗingishi daga kofato yake, galibi tsagin waje na ƙafar baya. A ɗaure shi da kyau, a wanke, a duba tsakanin kofatan. In fatar wurin ta tsage, tana wari, kumburi ya hau daidai ta ɓangarorin biyu, ruɓewar tsakanin kofato ce, kuma tana jin allurar kashe ƙwayoyin cuta ta oksitetarasaikilin mai dogon aiki, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyinsa. In kwana 3 zuwa 4 sun wuce ba sauƙi, ba ita ba ce.

Kumburi ta gefe ɗaya kuwa, nemi ƙusa, tsakuwa, gyambon tafin kofato ko ruwan ciwo da ya taru a ƙarƙashi. Wannan wuƙa yake so: a fere wurin ruwan ya fita, a manna katako ƙarƙashin tsagin da ke lafiya don mai ciwon ya daina taka ƙasa. In an yi sakaci ya shiga gaɓa, da wuya bijimin ya sake hawa.

Mai Garke:
Na gode. Maganin zogi fa? Akwai wani bijimin a garken, ba zai cike gurbin ba?

Likitan Shanu:
Melosikam, rabin miligiram ga kowane kilo. Guji maganin kumburi na dezametazon, shi ma yana lalata maniyyi. Ɗayan bijimin zai yi aiki ne kawai in ka fitar da mai ciwon, don in mai ciwon ne babba zai tare shanun, bai hau ba, bai bar wani ya hau ba. Kuma kada ka ɗora wa mai lafiyar fiye da shanu 25 zuwa 30.

Duba abincin mai ciwon ma. Tsaba mai yawa ba isasshiyar ciyawa tana sa tumbi ya yi tsami, naman cikin kofato ya kumbura, ciwon ya riƙa dawowa. In kuma kofaton murɗaɗɗe ne tun asali, gado ne, fera ba ta gyara shi, 'ya'yansa na iya ɗauka. Irin wannan a sayar da shi ya fi.