Muryar muka sani, su wa ke bayanta?

Shugaban kulob: Salamu alaikum ƴan kulob ɗin masu saurare na Tawa. Duk wanda ya kama shirin zaman gida na daren jiya ya ji sanarwar mai gabatarwa. Ta ce daga Laraba mai zuwa za ta riƙa ware minti 5 tana kawo mana mutum ɗaya cikin masu aikin shirin, a faɗi sunansa da unguwarsu da aikin da yake yi, har da tuwon da ya fi so, sannan a sa hotonsa a Facebook. Hujjarta wai haƙƙin mai sauraro ne ya san duk wanda ke da hannu cikin abin da ake zuba masa a kunne. Tun bayan sallar asuba ake kirana, wannan ya ce daidai, wancan ya ce ɓarna, har cajina ya ƙare. To ga fili, kowa ya faɗi tasa a nan. Ban da zagi.

Ɗan Abijan: Ni dai na ce daidai, an ma makara. Shekarata 6 a Ajame. Duk Laraba ƙanena ke turo mini shirin ta WhatsApp, mu takwas muke saurare a ɗaki guda, dukanmu ƴan Adar. Muryar matar nan mun san ta kamar ta innarmu. Amma wanda ke zaɓen kiɗan buɗe shirin, kiɗan da in ya tashi sai ɗakin ya yi tsit kowa ya tuna gida, ban san ko yaro ne ko tsoho ba. In na zo noma da damina ina so in kai masa goro.

Hajiya mai atamfa: Ƙanena, goron nan naka shi nake tsoro. Kai goro za ka kai, wani takardar magani zai kai masa a saya, wata ta zo da zancen bikin ɗiyarta. A garin nan duk wanda aka ji sunansa a rediyo an ɗauka kuɗi ke zubo masa ta rufin ɗaki. Kuma yawancin masu aikin shirin nan mata ne, wasu da aurensu. Yau a sa hoto, gobe yana yawo a wayoyin ƴan fada ana duba hanci da baki, jibi uwar miji ta ji. Yanzu in matar nan ta ce a yi kaza, yi ake, don murya ce daga nesa. Ranar da aka san masu rubuta mata ƴan gidan wane ne na Bilbis, sai a ce wannan da muka yi wa goyo ce za ta koya mana zaman aure? Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Baba tekinisiye: Hajiya, ki yi mani haƙuri, yau ba mu hanya guda. Shekara 30 da ɗoriya na yi bayan gilashin sitidiyo. Zamanin da muna yanke bandi da reza muna liƙewa da sikoci, in mai magana ya yi tari ko harshenai ya yi tuntuɓe, ni ka cirewa, shi hito sumul kamar bai taɓa kuskure ba. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ni ka gudu in tada gurup cikin duhu. Ran da shiri yay yi kyau, animatar ka shan gaisuwa kasuwar Lahadi, hal a ƙunsa mai kilishi. Ran da murya tas shaƙe, sai a ce tekinisiye kwana shi kai. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi. Ɗiyana na cikina, hal sunka girma, in an tambaye su aikin ubansu cewa su kai gyaran rediyo ni kai.

Mushe: Baba, Allah ya saka maka, ba wanda zai yi musun wannan. Amma a raba faɗin suna da tallar mutum. A jarida dole ne a rubuta sunan daraktan bugawa, domin shi ake nema in an kai ƙara. Ka buɗe Le Sahel, ko Sahel Dimanche wadda duk da sunanta ran Juma'a take fitowa, za ka ga sunayen masu aikin a jere. A Tele Sahel ma sunaye na wucewa a ƙarshen shiri. Gidan rediyon ƙasar Nijar ya fara a 1958, ya zama Muryar Sahel a 1974, kuma mun tashi muna jin ana rufe shiri da faɗin wanda ya riƙe na'ura. Wannan ya wadatar. Unguwa da hoto na mene ne? Ku dubi lokacin da muke ciki. A 2010 an cire ɗauri kan laifin aikin jarida, amma dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan. An sassauta ta a 2022, a watan Yunin 2024 aka maido da ɗauri kan ɓata suna. Ɗan jarida Musa Kaka ya zauna a kurkuku daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008, shi da duniya ta san shi tana magana a kansa. Yarinyar da ke rubuta shirin girki wa zai tsaya mata?

Baba tekinisiye: Mushe, wannan suna da kac ce ana hwaɗi, cikin lumhwashi guda a kai shi, kiɗi ya riga ya taso ya danne. Ni ka ɗaga kiɗin da hannuna, na sani.

Ɗan Abijan: Haba Mushe, shirin miyar kuka ne fa da wankan jariri. Ina ruwansa da kurkuku?

Mushe: Ba a ciki ake karanta farashin hatsi ba? Ka bari tiya ta tashi da bazara, ka ga ko farashi siyasa ne ko ba siyasa ba.

Majo: Ina kan aikin asibiti ne shi ya sa na makara. Ku bar ni in ba ku abin da ya faru a hannuna. Wata shekara wani gidan rediyo, ba zan kama suna ba, ya karanta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo. Takardar da faransanci take, kuma daidai take: litar ruwa 1 mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai fassara ya ce cokali kawai, bai ce ƙarami ba. A gidajenmu in an ce cokali babban ake ɗauka, shi kuwa ya ninka ƙaramin sau 3. Haɗin da ya yi kauri haka janyo ruwa yake daga jikin yaro maimakon ya mayar masa. Sai da wata uwa ta zo mini da ɗanta ido ya faɗa, na tambaye ta yadda ta haɗa, ta ce yadda rediyo ya faɗa. Allah ya sa yaron ya tashi. Sau 3 ina zuwa gidan rediyon. Darakta ya yi tafiya. Mai gabatarwa ta ce ita abin da aka miƙo mata ta karanta. Mai fassara kuwa kamar aljani, kowa ya san akwai shi, ba wanda ya nuna mini shi. Sai da aka yi makonni kafin a gyara a iska. Da sunansa na fita a ƙarshen shiri, da a ranar zan same shi, kuma ina jin da shi kansa ya ƙara duba takardar kafin ya miƙa.

Kuma ba wannan kaɗai ba. In aka ce a lasa wa jariri zuma, alhali ba a ba yaron da bai shekara ba zuma, ko a ce a ba shi ruwa kafin wata 6, ina so in san daga bakin wa ta fito. In tsohuwa ce mai sanin gargajiya, a faɗa. In ungozoma ce mai takarda, a faɗa. In kuma mai sayar da man bilicin ne ya biya kuɗin talla aka saka maganarsa kamar shawara, to wannan ya fi kowanne cancantar a faɗa, don ni ke ganin fatar da man nan mai kortizon ya cinye.

Hajiya mai atamfa: Majo, da ni kike? Ni atamfa da leshi nake sa talla, ban taɓa sayar da mai ba.

Majo: Wallahi Yaya ba da ke nake ba, kin san shagon da nake nufi.

Hajiya mai atamfa: Na sani. To kan maganar lafiya na ba ki gaskiya, wanda ya ba da shawarar magani a san shi. Amma mai share sitidiyo da mai ɗaukar waya, wane yaro ne zai kwanta don ba a san unguwarsu ba?

Majo: Na yi aiki a ƙauyen da ke da rediyon gari, irin waɗanda suka bazu bayan na Bankilare da aka buɗe a 1999. Can kowa ya san masu magana, in mutum ya yi kuskure da dare, da safe a bakin rijiya ake gyara masa. Ban ga an raina su ba.

Hajiya mai atamfa: Can wanda ya san ka ya san ubanka, zai ji nauyi. Hoton Facebook kuwa har hannun wanda bai san ko gidanku ina yake ba.

Mai albasa: Salamu alaikum, daga Galmi nake. Akwai mutum ɗaya da nake roƙon kada a nuna, kuma don amfanin masu saurare nake faɗa. Wadda ke zagaya kasuwa ran Lahadi tana ɗaukar farashi. Yanzu ba wanda ya san ta, tayi take kamar mai saye, ana gaya mata kuɗin gaskiya. Ran da hotonta ya fita, dillali zai ƙara mata ko ya rage, gwargwadon ranar saye yake ko sayarwa. Mu nan manomi yakan ji kuɗin buhu a rediyo kafin ya sallama wa masu lodi zuwa Gana da Abijan. A rage masa jika 2 a baki, ka lissafa a kan buhu 100. Ni kaina, Allah na gani, in na gane ta sai na gwada sa'ata.

Baba tekinisiye: Alhaji ya hwaɗi gaskiya, wannan ban tuna ta ba. A bar yarinyar kasuwa.

Majo: Ni ma na yarda. Ita ɓoyewar na cikin aikinta.

Sitajiye: Iyayena da yayyena, tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba, don kamar a kaina ake magana. Na gama IFTIC, makarantar koyon aikin jarida, a Yamai, ina sitaji a wani gidan rediyo, ba wannan ba, yau wata 14, ba albashi sai kuɗin kabu-kabu in an samu. Sunana ina so a faɗa, kuma ba don goro ba. Na je neman aiki aka ce in kawo abin da na yi. Rahotannin da na ɗauko cikin rana, na rubuta, na haɗa, duk da muryar wani suka fita da sunan wani. Mai neman shiga wuri irin Studio Kalangou, da tun 2016 ke watsa shiri cikin harsuna 5, me zai nuna in ba aikin da ke ɗauke da sunansa ba? Amma tuwon da na fi so ba ruwan kowa da shi, hotona kuma babana bai yarda ba. Tambayar da ban ga an yi ba ita ce, su masu aikin an tambaye su? Ko a rediyo suka ji kamar yadda muka ji? Kuma Baba, ka gafarce ni, minti 5 na yabo ya fi kwantara da rajistar CNSS, asusun fanshon ma'aikata, araha. Ina tsoron a biya mu da shi.

Baba tekinisiye: Ɗiyata, ba ki yi laihi ba. Mu ko yabon ba mu samu ba, shi yas sa yab bi ni hal tsuhwa. Ku nemi duka biyu.

Mushe: To kun ga mun dawo kan maganata. Suna da aiki, shi ke nan.

Majo: Ba mu dawo ba Mushe. Kai ka ce abin da ake yi ya wadatar, ni na ce bai wadatar ba. Mai fassara ba a taɓa faɗin sunansa, kuma shi ne ya kusa kashe mini yaro.

Shugaban kulob: Azahar ta yi. Gobe in Allah ya kai mu zan biya gidan rediyon in nuna wa mai gabatarwa duk abin da aka rubuta, yadda yake, ban rage na kowa ba. Tambayar ɗiyarmu zan fara yi mata, ko ta shawarci mutanenta.

Hajiya mai atamfa: Ka gaya mata hoton matan aure ni ban yarda ba, ko sun ce sun yarda. Yarinya ba ta iya ce wa mai gidan aikinta a'a.

Ɗan Abijan: Ni har yanzu ba a ba ni amsata ba. Mai kiɗan nan wane ne?

Baba tekinisiye: Na san shi, ni nak koya mai aiki. Sunanai sai na tambaye shi tukuna. Amma ba shi cin goro, haƙoranai sun zube. Ganyen shayi da sukari za ka kawo.