Magenmu sai kwashe 'ya'yanta take, lafiya kuwa?

Maman Twins, Ringim:
Salam jama'a, magenmu ta haihu 4 a ƙarƙashin rumbu, yau na ga tana ɗaukarsu da baki ta ƙeya ɗaya bayan ɗaya ta kai bayan buhunan gero, ko cinye su za ta yi?

Ɗan Gezawa:
Haba Hajiya ba cin su za ta yi ba, ɓoyo ne, in yara sun dame ta da leƙe ko ta ji ƙaurin muzuru sai ta canja waje, kuma in ta kama fatar wuyan nan lamo suke yi ba ciwo. Ki hana yara zuwa gurin kawai.

Baba Mai Awaki:
Gaskiya ne. Idonsu ma sai kamar kwana 7 zuwa 10 yake buɗewa, lasar gindinsu da take yi kuma ita ke sa su fitsari da kashi, da kansu ba sa iyawa. Ki ƙara mata abinci da ruwa, mai shayarwa ce. Wajen wata 2 za ki ga tana musu huci tana ture su, yaye ne.

Maman Twins:
To madalla, na gode Baba, yaran ne ma matsalar wallahi.