Wanda ya taɓa komawa Couch to 5K bayan an yi mishi aiki, ya kuka yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina bin tsarin gudun nan na Couch to 5K, mai koya wa sabon shiga gudu har ya kai kilomita 5, da ke manhajar NHS, hukumar lafiya ta Ingila, wanda ake yi sati tara, sau uku a sati. Na kai sati na biyar, har na yi gudun minti 20 ɗin nan ba tsayawa, kawai sai afendis ya taso aka yi min aiki, irin wanda ake ɓula ƙananan kafofi a sa kyamara. Yanzu wajen ya bushe, sai in na yi atishawa nake jin ya ɗan ja. Wai in ɗora daga inda na tsaya ko in koma farko? Wallahi zaman nan ya ishe ni.

Ɗan Kaduna:
Wa'alaikumussalam, sannu da jiki ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni aikin ƙaba aka min a matsematsi aka sa raga. Likita ya ce tafiya kam in fara tun washegari, amma ko jarkar ruwa kar in ɗaga sai bayan sati shida. To ni da tattaki na fara, bayan asuba in zaga Murtala Square a hankali, kullum in ɗan ƙara, sai da na ga ina tafiyar rabin awa da sauri ban kai hannu wajen ɗinkin ba sannan na buɗe manhajar, kuma sati na ɗaya na koma duk da na kai na bakwai kafin aikin. Gudun minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, haka har minti 20. Numfashina bai damu ba ko kaɗan, ƙirji na cewa in ƙara amma ƙasan mara na cewa ya isa haka, kuma maganar marar na bi.

Maman 'yan biyu:
Nawa CS ne, wato aikin ciro jariri, kuma don Allah mata ku ji wannan. Sati shidan da ake faɗa mana na duba ɗinki ne, ba lasisin gudu ba ne. A 2019 wasu likitocin fiziyo (masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai) a Birtaniya sun fitar da jagora cewa mai jego ta jira aƙalla sati 12 kafin gudu, ko da kanta ta haihu ko aiki aka mata, saboda naman ƙasan mara da ke riƙe da mafitsara da mahaifa bai gama komawa ba. Akwai gwajin da suka sa, ki yi tafiyar minti 30, ki yi gudu a waje ɗaya minti ɗaya, ki yi ɗan tsalle sau 10 da kowace ƙafa. In fitsari ya ɗiga ko kin ji wani nauyi kamar abu zai sauko, to lokaci bai yi ba. Ni a tsallen ne ya ɗiga min, sai na ci gaba da atisayen matse ƙasan nan har ya daina. Umma ta yi ta faɗa wai mai jego da gudu, sai da na zaunar da ita na mata bayani, daga baya ma ita ke riƙe min yaran in na fita. Kuma ki shayar kafin ki fita, ki samu rigar mama mai riƙo sosai.

Yaya daga Birmingham:
Ƙanena kowane aiki da dokarsa fa. Ni jijiyar gwiwa ce ta tsinke a ƙwallo aka gyara, ba a bar ni na yi gudu ba sai wajen wata huɗu, shi ma sai da mai fiziyo ta gwada ƙarfin cinyata da na ɗaya ƙafar. Abin da ta koya min, ba lokacin gudun ake gane an yi ganganci ba, sai washegari da safe, in gwiwa ta kumbura to ka maimaita satin ko ka ja baya. Asabar da ƙarfe tara ina zuwa parkrun, kilomita 5 kyauta, da tafiya na dinga gamawa kuma ba wanda ya kalle ni.

Anti mai shago:
Ni dai gaskiya ban koma farko ba. Matsarmama aka cire min da kyamara irin naka, likita ya ba ni dama na ɗora daga sati na uku, lafiya lau.

Wata nas:
Sannu ƙanena. Abin da Anti ta faɗa yana faruwa, amma ka lura likitanta ne ya ba ta dama. Bushewar fata a waje daban, haɗewar naman ciki daban, tabo sai wajen wata uku yake kai ƙarfinsa, shi ma kusan kashi 80 cikin 100 na asali. Ko ƙaramar kafar kyamara tana iya zama ƙaba in an matsa mata, musamman ta cibiya, na ga waɗanda suka dawo mana da ita. In ka ga wajen ya yi ja ko zafi, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi, ko wani ƙullutu ya ɓullo in ka yi tari, ka tsaya ka je asibiti. In kuma sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe haka kawai, wannan ba na jiran gobe ba ne, gudan jini ne ake tsoro bayan tiyata.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Talata zan koma ganin likita, zan faɗa mishi maganar jan da nake ji a kafar cibiya in na yi atishawa, in ji ranar da zai yanke min. Kafin nan tattaki zan ci gaba da yi. Malam na Kaduna, da ka koma sati na ɗaya ka riƙa hutun kwana ɗaya tsakani kamar yadda manhajar ta ce, ko biyu kake yi?