Shin wajibi ne in saƙa ɗan gwaji kafin in fara rigar sanyi, kuma in wanke yadi kafin in yanka?

Mai Koyon Saƙa ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu aikin hannu. Na jima ina saƙa a lokutan hutuna, amma abin da hannuna ya saba da shi bai wuce mayafin wuya da ƙananan barguna ba, waɗanda ko sun ɗan zarce awo ko sun ɗan gaza babu wanda zai lura. Yanzu ina da niyyar saƙa wa ɗiyata rigar sanyi, sannan in ɗinka mata siket na yadin auduga da za ta riƙa haɗawa da ita.

Takardar bayanin rigar ta ce a yi amfani da tsinke mai kaurin milimita 4, a samu ido 22, wato madaukan zaren da ake ɗorawa a kan tsinke, da layi 30 a cikin santimita 10, kuma a fara saƙa ɗan gwaji kafin a shiga aikin. Tun da na sayi zare mai kaurin da aka ambata, na kuma sayi tsinken da aka ambata, me ya sa sai na yi gwajin? Zaren nawa ba shi da yawa, ina tsoron ya ƙare kafin in kammala hannu na biyu. Game da siket ɗin kuma, wata ta ce mini in wanke yadin kafin in sa masa almakashi, ni kuwa ina ganin sabon yadi ya fi daɗin yanka saboda tsayuwarsa. Ƙirjin yarinyar santimita 60 ne. Ina neman shawararku, Allah ya saka da alheri.

Hajiya Mai Tsinke ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki saƙa gwajin, kuma ki wanke shi kafin ki auna. Dalili shi ne lambar tsinken da aka rubuta shawara ce kawai, abin da ke tsayar da girman riga shi ne yawan idon da ke shiga cikin santimita 10, wannan kuwa ya dogara ne da hannun mai saƙa. Riƙon zare kamar rubutun hannu yake, kowa da nasa. Mutum biyu za su ɗauki zare ɗaya da tsinke ɗaya, wata ta samu ido 22, wata ta samu 20 saboda hannunta ya fi saki, kuma babu wadda ta yi kuskure a cikinsu.

Bari mu yi lissafi da awon ɗiyarki domin ki ga girman abin. Ƙirjinta santimita 60 ne, rigar sanyi kuwa ana so ta ɗara jiki saboda ana sa ta a kan wata riga, mu ce ta kai santimita 66. A bisa ido 22 cikin santimita 10, zagayen rigar zai ɗauki ido kusan 146. Idan hannunki yana ba da ido 20, waɗannan idanu 146 ɗin za su fito da riga mai santimita 73, wato ƙarin santimita 7 a jikin ƙaramar yarinya, kafaɗa ta zubo, hannu ya rufe yatsu. Idan kuma hannunki mai tsauri ne yana ba da 24, rigar za ta tsaya wajen santimita 61, ta manne mata a jiki tun ranar farko. Bambancin ido biyu ba ya ɗaukar hankali a ɗan ƙyalle, amma sai ya ninku fiye da sau shida a zagayen riga.

Ga yadda nake yin nawa. Ina ɗora ido kusan 30 domin gwajin ya fi santimita 10 faɗi, saboda idanun gefe ba su cika daidaita ba, kuma ba a lissafa su. Ina yi masa ɗan baki na saƙar da ba ta naɗewa, domin saƙa mai santsi a fuska ɗaya takan nannaɗe gefenta ta hana awo. Idan ya kai tsawon santimita 14 ko 15 sai in sauke shi daga tsinke, in wanke shi daidai yadda za a riƙa wanke rigar, in shimfiɗa shi a kwance ya bushe ba tare da na ja shi ba. Sai ya bushe sarai nake ɗora rula a tsakiyarsa in ƙirga, har rabin ido ina lissafawa. Idan idanun sun gaza abin da ake so, saƙar ta saki ke nan, sai a koma tsinke mafi siriri, kamar milimita 3.75 ko 3.5. Idan sun yi yawa, sai a hau zuwa 4.5.

Wankin shi ne abin da mutane suka fi tsallakewa, alhali a nan zare ke nuna halinsa. Ulun gashin tumaki yana da wasu ƙananan ɓawo a jikin kowane sili, idan ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai su sarƙe da juna, rigar ta dunƙule ta ƙanƙance, kuma ba ta komawa yadda take. Ulun da aka sarrafa domin ya jure injin wanki ba ya dunƙulewa haka, sai dai sau da yawa yakan saki ya ƙara tsawo idan ya jiƙe. Zaren auduga yana da nauyi kuma ba ya komawa bayan an ja shi, saboda haka riga takan zazzago da nauyin kanta. Zaren roba da ake kira akirilik ba ya cika sauyawa a wanki, amma dutsen guga mai zafi yana kashe shi, ya yi laƙwas har abada. Ki duba takardar da ke naɗe da dunƙulen ki san wanne kike riƙe da shi.

Maganar ƙarewar zare kuma kada ta dame ki. Ki ajiye gwajin, idan kin zo ƙarshen aiki kika ga kina buƙata sai ki warware shi, ki jiƙa zaren ya miƙe, ki ci gaba da shi.

Malam Mai Keke ya amsa:

Salamu alaikum. Hajiya ta gama magana a kan saƙa, ni zan taɓa ɓangaren ɗinki, wanda shi ne abin da nake yi domin jin daɗi idan na tashi daga aiki. Malama, wadda ta ce ki wanke yadin ta faɗa miki gaskiya. A lokacin da ake saƙa yadi a masaƙa, zaren tsaye yana a ɗame ne ƙwarai, sannan a sa masa sitaci, wanda shi ne tsayuwar da kike jin daɗinta. Da zarar ya sha ruwa sai sitacin ya fita, zaren ya saki jiki, yadin ya tsuke, kuma ya fi tsukewa ta tsawonsa. Idan kin yanka kafin wanki, siket ɗin ne zai yi wannan tsukewar bayan kin gama wahalarsa. Wankin farko yana kuma nuna miki ko yadin yana zuba, abin da ya kamata ki sani tun da za a riƙa haɗa shi da rigar da kika ɓata lokaci a kanta. Ki bi bakin da aka yanke da ɗinkin zigizag kafin ki jiƙa domin kada ya warware, idan ya bushe ki goge shi sosai, za ki ga ya kwanta ya yi daɗin yanka.

Wajen shimfiɗa takardar yanka, ki lura da doguwar kibiyar da aka zana a kanta. Dole ta tafi daidai da gefen yadin nan da ba ya warwarewa, kuma ki tabbatar da haka da tef, ki auna daga kan kibiyar zuwa gefe, ki auna daga gindinta zuwa gefe, su zo ɗaya. Yadin da aka yanka a ɗan karkace yakan murɗe bayan wanki, ɗinkin gefe ya juyo gaba, kuma babu gugar da za ta gyara shi. Ki kuma karanta ko an haɗa rarar ɗinki, wato ɗan yadin da ake bari a bayan layin ɗinki, a cikin zanen. Yawancin takardun da ake sayarwa a ambulan suna barin santimita 1.5, amma waɗanda ake kwafa daga mujallar Burda ta Jamus ba su haɗa ta ba, mai yanka ne ke ƙarawa. Idan kuma daga intanet kika sauko da zanen, galibi akwai ɗan murabba'in gwaji da aka rubuta girmansa, ki auna shi da rula bayan bugawa, domin na'urar bugawa takan rage girman shafi ba tare da an sani ba.

Ga yadin auduga mai matsakaicin kauri, allura mai lamba 80/12 ta wadatar, da tsawon taku milimita 2.5. Kafin ɗinkin ƙarshe ki haɗa siket ɗin da manyan taku na milimita 4 ko 5 waɗanda ke da sauƙin farkewa, ki gwada mata, sannan ki bi da ɗinki na gaske. Ina ba da shawarar ki bar kalmasa mai faɗi a ƙasa, saboda yara sun fi saurin ƙara tsawo a kan ƙiba, kuma kalmasa mai faɗi ana iya sauke ta baɗi.

Yaya Uwar Biyu ta amsa:

Ƙanwata, ban saɓa wa Hajiya a kan asalin magana ba, amma ina da ɗan sassauci game da kayan yara. Rigar da ta ɗan yi wa yaro yawa ba asara ba ce, zai girma ya cike ta, wadda ta matse ce ba ta da magani. Saboda haka idan kin samu rabin ido ƙasa da abin da ake so, ni ba zan ce ki sake gwaji ba. Akwai kuma hanyar da nake bi idan zare ya yi mini kaɗan, wato in fara da hannun riga. Idan na saƙa kamar santimita 15 sai in zare tsinken, in riƙe idanun da wani zare, in wanke in auna. In ya yi daidai na riga na ci gaba da aiki, in bai yi ba abin da zan warware kaɗan ne. Sai dai a kula, idan za a saƙa jikin rigar a zagaye da tsinke mai igiya, to gwajin ma a zagaye ya kamata a yi shi, domin hannun mutane da yawa ya fi saki a layin dawowa, wato wanda ake yi bayan an juya saƙa ta baya, wanda babu shi a saƙar zagaye.

Abu biyu nake so ki duba tun yanzu. Kin yi sa'a takardarki ta rubuta milimita, amma wasu lamba kawai suke sawa, kuma lambobin Amurka da tsofaffin lambobin Ingila a juye suke. Tsinken milimita 4 shi ne lamba 6 a Amurka, lamba 8 a tsohon tsarin Ingila, tsinken milimita 5 kuwa shi ne lamba 8 a Amurka, lamba 6 a Ingila. Na biyu, tun da kina shakkar yawan zaren, ki lissafa shi da mita, kada ki tsaya ga yawan dunƙule, domin dunƙule biyu masu giram 50 suna iya bambanta sosai a tsawo. Idan kin ga zai gaza, ki ƙaro yanzu, ki nemi mai lambar rini iri ɗaya da wanda ke hannunki. Launi ɗaya da aka rina a lokuta daban yakan ɗan saɓa, ba a ganin haka a dunƙule, sai an saƙa ya fito kamar an ja layi a tsakiyar riga.

Mai Koyon Saƙa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na wanke yadin kamar yadda Malam ya ce, na kuma saƙa gwajin. Da tsinken milimita 4 na samu ido 20 bayan wanki. Na koma 3.5 na samu 22 cif, amma saƙar ta yi tauri a hannu, ta farkon ta fi laushi kuma ita na fi so wa yarinya. Hajiya, shin dole ne in haƙura da mai taurin domin lissafi ya daidaita?

Hajiya Mai Tsinke ta amsa:

Ba dole ba ne, 'yata, tun da yanzu kin san adadin da hannunki yake bayarwa. Ki tsaya a kan milimita 4 da ido 20, wato ido 2 a kowace santimita. Kina son zagayen santimita 66, saboda haka ido 132 kike buƙata. Ki duba jerin girma-girman da ke takardar, ki nemi wanda jikinsa ya fi kusa da ido 132, wanda a lissafinsu na ido 22 zai zama rigar santimita 60. Ki bi wannan ƙaramin girman a duk inda aka ba da adadin ido, amma a duk inda aka ba da tsawo, kamar daga ƙugu zuwa hammata ko tsawon hannu, ki bi awon ɗiyarki da tef, kada ki ƙirga layi, domin layukanki ma sun fi nasu tsawo. Idan bakin rigar na ido biyu gaba biyu baya ne kuma a zagaye za ki yi shi, 132 ya rabu huɗu-huɗu ba saura, don haka zai haɗu daidai.

Wurin da za ki fi kula shi ne wuya. Kan yaro babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, kuma layin rufewa ba ya talewa kamar sauran saƙa. Ki auna zagayen kanta, ki rufe idanun wuyan da tsinke mafi kauri, kamar milimita 5, sannan ki zura mata rigar ta kai kafin ki yanke zaren.